Takalma a Bakin Ƙofa

Ranar Laraba, bayan la'asar,
ina shagona a Ƙofar Marusa ina awon wake,
sai yara suka ɗauki ihu: "Ɗan Caina! Ɗan Caina!"
Na leƙa.
Wani gajere ne, rigarsa duk baƙin mai,
injiniyan da aka kawo wa masu casar shinkafa
can hanyar Batagarawa.
Ya tsaya, ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji,
ya yi musu murmushi.
Saura kaɗan mudun ya suɓuce mini.

Na san murmushin nan.
Shekara tara ina yin irinsa a Bankok,
ina yawo da duwatsu masu daraja a ƙunshin takarda,
ina hawa jirgin cikin gari
kujerar kusa da ni babu kowa,
alhali mutane na tsaye kamar rake a gona.

Na koyi duk abin da suka ce a koya.
Kada ka taɓa kan yaro ko da wasa kake.
Kada ka nuna abu da ƙafa.
Kada ka ɗaga murya ko an cuce ka a ciniki,
ni da na tashi a gidan da gaisuwarmu ma
sai maƙwabta sun ji.
Na haɗiye muryata har ta yi mini tsatsa a wuya.

Harshensu kuwa, kamar namu ne wajen tarko:
kuka ta miya, kuka na hawaye.
A can kalma guda ce zo, ita ce doki, ita ce kare.
Na kira wani dattijo da ladabi,
ashe zaginsa na yi.
Aka yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi.
Na je ɗaki na kasa cin abinci.

Mai gidan hayata, tsohuwa Bunmi,
shekara huɗu tana ƙirga kuɗina sau biyu.
Da mijinta ya rasu
na kwana uku ina ɗaukar kujeru a wurin makoki.
Ban shiga inda suke rusuna wa gunki ba,
ba ta kuma ce in shiga ba.
Bayan mako guda, an buga mini ƙofa:
shinkafa da kifi, cikin sabuwar tukunya,
har takardar kanti na manne a gindinta,
don in san naman alade bai taɓa ratsa ta ba.
Washegari ɗan sanda ya tare ni neman fasfo
kamar kullum.
Amma tukunyar tana nan. Matata na dafa miya da ita.

Don haka na fito daga bayan buhuna,
na kori yaran da hula,
na dubi baƙon, na lalubo kalmomin
da suka yi shekara goma sha ɗaya a kwance:
"Kin kau?" Ka ci abinci?

Yara suka kece:
"Baba Hambali ya ce wa namiji kin!"
Shi kuwa murmushin ya bar fuskarsa,
leɓensa ya ɗan yi rawa.
Ya ce sunansa Wicai.
Ya ce wata bakwai ke nan babu wanda ya tambaye shi.

Shagona siminti ne, duk ƙaiƙayi da sawun kaji,
ba wanda ya taɓa tuɓe takalmi don shigarsa.
Ya sunkuya ya kwance nasa,
ya jera su a bakin ƙofa, daidai wa daida.
Na dubi nawa.
Na cire, na ajiye kusa da nasa,
na aiki ƙaramin cikin yaran
ya sayo mana fura biyu,
ya ce wa Ladiyo ta rage yaji a ɗaya.
Wicai ya ɗaga hannu: a'a, a ƙara.